Malam Nababa Mai Karan Dawa

Ƙarfe bakwai na safe, yayyafi na sauka a Anka, Malam Nababa ya ratso kasuwa a kan tsohon babur ɗinsa, ƙunshin karan dawa ɗaure a baya cikin leda. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sammako. Baƙo zai ɗauka shinge zai gyara, alhali malamin Turanci ne a sakandare.

Iri biyu yake yanka karan: gajere kamar ɗan yatsa, da dogo wanda ya ninka shi. A rubutun Turanci akwai 'yan layuka biyu da ake kwantarwa tsakanin kalmomi, ɗalibai kullum sai sun cakuɗa su. Sai Malam ya rubuta kalmomi a kwali, ya shimfiɗa a ƙasa, ya ba kowa kara. Gajere yana shiga tsakanin lamba da lamba, ko gari da gari. Dogo kuwa sai inda magana ta katse, mutum ya ja numfashi. Ni da na tsaya a firamare ma na riƙe wannan.

To amma me ya samu? Dariya. Malam Kamilu na lissafi yakan leƙo ta taga ya ce, "Mai Kara, yau ma gona munka zo?" Masu shara su yi ta ƙunƙuni. Sau biyu mai tuyar awara ta bakin ƙofa ta hura wuta da darasin mako guda, ta ce ita ta ga kara a yashe. Malam ya koma ya yanko wani.

Ƙanwata Hidaya a Yargalma aka haife ta. Tana tatata lokacin da gubar dalma ta shiga garinmu. Allah ya bar mana ita, sai dai in magana ta yi tsawo, kafin ta kai ƙarshe farkon ya ɓace mata. Da ta kai ajin ƙarshe a makarantar su Malam, shugaban makaranta ya ce ba za a sa sunanta cikin masu jarrabawar fita ba. "Ɓata muna sakamako za ta yi," in ji shi. Inna ta wuni ba ta ci abinci ba.

Malam Nababa ya ce a ba shi zango ɗaya. Kullum lokacin tara, wasu na shan shayi, shi yana gindin dogon yaro da ita da kwalayensa. Kuma kada ku ce lallashi yake yi.

"Hidaya, wanga dogon kara mi yak kawo shi tsakanin lamba da lamba? Gada za ki gina?"

"Malam, na mance."

"To faɗi da baki. Ina kika ja numfashi? Aje shi nan."

Ta yi kuka ta dawo, ta sake kuka ta sake dawowa. Sannu-sannu ta koyi datse magana gunduwa-gunduwa, yadda kanta zai iya ɗauka. A ƙarshen zango Malam ya kai ta ofishin shugaba, ta zauna ta cika shafi guda a kan rijiyar garinmu. Shugaba ya karanta har sau biyu, ya jawo takarda ya ƙara sunanta. Washegari a taron ɗalibai sai ga shi yana yabon ƙoƙarin hukumar makaranta. Sunan Malam ko a tari bai fito ba. Haba jama'a!

Shi ma Malam ɗin yana ba ni haushi. Inna ta aika masa zabuwa, ya mayar, wai a yi wa ɗiyar romo. Watan jiya ya yi ritaya, walimar da aka ce za a yi masa an ɗage ta sau uku, ajinsa an share an zubar da karan. Na je masa da ƙorafi, ya ce, "Kara na, bai ƙarewa a ƙasag ga."

Malam, kai ne ka durƙusa a ƙasa da furfurarka don 'yar wani ta gane. Kai ne aka yi wa dariya ba ka fasa ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwa. Ku kuma malaman da suka rage, daga nan har Gummi da Bukkuyum, in kun ga ɗalibi na tafiyar hawainiya, ku rage gudu ku jira shi.

Ranar da Hidaya za ta rubuta Turanci, da sassafe muka ji babur ya tsaya. Malam ne, ya miƙo biro biyu ɗaure da dogon kara ɗaya.

"Ta taɓa karan ta bar shi gida, ba a shiga ɗakin jarrabawa da shi."

Kafin Inna ta lalubo mayafinta, ya sha kwana.