Lambar da Aka Yi wa Ƴaƴan Mutane

Ina ƙaramin mushe, wato malami, a lakwal ta Gaya, makarantar boko, sa'ad da kumandan, anasaran da ke mulkin garin, ya ce in kai ɗalibanmu taron yara a ƙasar Dahome. Za a haɗa ƴan lakwal na ƙasashe daban-daban, su yi tsere da waƙa, su gwada Faransancinsu. Iyaye ba su yarda da wannan bayani ba. Abin da suka sani shi ne, in anasara ya tara samari, ko dai soja ko aikin dole.

Ranar tafiya, a bakin kogi, wata mata daga ƙauyen Tunuga ta riƙe mini hannun riga. Ɗanta ne ya fi kowa tsawo cikin yaran, kuma shi kaɗai gare ta.

"Mushe, a hannunka na sa shi. Kai na sani, ban san kumandan ba."

Na ce mata in Allah ya so zan maido shi. Da jirgi ya raba tsakiyar ruwa na waiwaya, tana nan tsaye.

A wurin taron mun iske yaran Bariba da Yarabawa da na bakin teku masu takalma. Nawa suka manne a jikina, sai da aka fara tsere suka sake. Ni kuwa aikina duba fuskoki, in wani ya zagaya bayan ɗaki sai in bi shi in duba.

Wata safiya aka busa ƙaho, aka ce yara su yi layi su tuɓe riga. Wani anasara ya zauna ƙarƙashin rimi da teburi, soja biyu a bayansa. Haka aka jera yayana shekarun baya, aka dudduba ƙirjinsa, aka tafi da shi yaƙi, bai dawo ba.

Na matsa na tambayi tafinta. Ya ce likita ne, lambar agana zai yi musu don kada cutar ta kama su. Ban taɓa jin haka ba, ban kuma ga dalilin kawo soja wurin magani ba. Yaron Tunuga ya dube ni yana jira in ce ya gudu. Sai na tuɓe tawa rigar na shiga gabansa. Aka tsaga mini damtse da ɗan ƙarfe, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a tafi da kowa ba.

A hanyar dawowa hannuwanmu suka kumbura. Yaron ya fi kowa jin jiki, zazzaɓi ya rufe shi har ya kasa tafiya. Muka riƙa goyonsa ni da wani ɗan dako. Numfashinsa na ƙona mini wuya, ina ta tunanin da wane baki zan yi wa uwarsa magana.

Da rai na kai shi. Ta karɓe shi, ta tsura wa gyambon lambar ido. Kafin la'asar zance ya cika Gaya cewa an yi wa yaran shaida irin ta shanu, za a dawo a kwashe su. Na nuna tawa lambar a kasuwa da ƙofar masallaci, wasu suka ce ai ni daman na anasara ne. Har damina ta wuce, in an hangi sojan kumandan a kan hanya, ni ma sai in tsaya in ga inda suka nufa, don ban tabbata tafinta ya faɗa mini gaskiya ba.

Ba wanda ya zo ɗaukarsu. Yaron ya warke, amma uwarsa ba ta sake barinsa ya taka lakwal ba. Kawunsa ya koya masa su, ya zama masunci.