Allon da Hadijatu Ta Wanke

A gidan Malam Maccido da ke Illela, alluna sun fi kwanukan abinci yawa. Makarantar allo ce tun kaka da kakanni, kuma rubutun sha na gidan ya yi suna har tsallaken iyaka. Mace mai naƙuda, falke mai shirin tafiya, tsoho mai ciwon ƙirji, kowa nan yake aiko da ƙoƙonsa. Babban ɗan gidan shi ne Halliru, dogo siriri mai saurin fushi, wanda yatsunsa ba sa rabuwa da tawada. Ya haura arba'in, ya sauke littattafan fiƙihu da na nahawu, amma a gaban mahaifinsa har yanzu muryarsa rawa take yi. Abu ɗaya yake nema a duniya, tsohon ya miƙa masa buzun makarantar da hannunsa, yana mai yarda da shi.

Bayan samun 'yancin kai, iyaka ta ƙara tsauri, ofishin kwastan ya cika da samarin akawuna masu gajeren wando. Wata rana Halliru ya raka wani maƙwabcinsa falke da aka tsare wa kaya, yana ganin rawaninsa zai yi magana. Samarin suka bar shi a tsaye, suna ta Turanci a kansa, suna duban takalminsa suna dariya. Ba su zage shi ba, ko kuwa sun zage shi, shi dai bai sani ba, kuma rashin sanin ne ya fi ci masa rai. Mutumin da ke warware jimlar Larabci mai wuya ya koma gida kamar kurma. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

A cikin akawunan akwai wani Mukhtari, Bazazzagi mai kunya, wanda bai yi dariyar ba. Shi karatun sallarsa ne ke da gyara, yana jin nauyin faɗa. Suka shirya: Halliru ya gyara masa karatu, shi kuma ya biya masa Turanci. Sai dai Halliru ya kafa sharaɗi, shi ba ya son Turancin kuku da boyi, na kawo ruwa da share ɗaki. Wanda manya ke muhawara da shi yake so, na aiki da albashi, na haƙƙin ɗan ƙasa, na rashin aikin yi da zaman jama'a. Ran da Mukhtari ya biya masa risfansibiliti, ya ce ma'anarta nauyin da ke kan mutum, Halliru ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce lalle Bature sai ya gaji kafin ya yarda nauyi na kansa.

Matsalar ita ce kan Halliru bai san takarda ba. Mukhtari ya ba shi fensir da 'yan warƙoƙi, ya duba, ya maimaita, da safe ya tashi babu ko ɗaya. Ƙwaƙwalwar da aka raina da allo, allo kawai take ji. Don haka ya tsallaka iyaka zuwa Ƙonni ranar kasuwa ya sayo sabon allo fari tas, wanda aya ba ta taɓa hawa kansa ba, don kada ya haɗa tsarki da abin da ba shi ba. Yakan rubuta kalmomin da baƙaƙen Larabci, ya yi musu wasali tsaf, ya zauna a turaka yana rangaji yana biyawa ƙasa-ƙasa. In kalmomin sun zauna masa, ya wanke a kwata, ya mayar da allon bayan tabarmar da ke jingine. Nan da nan kuwa Turanci ya fara kama shi, har Mukhtari na mamaki.

A gari irin Illela ba a ɓoye tafiya. Wata yamma tsohon ya kira shi zaure.

"Halliru, an ce mini ana ganinka wajen mutanen kwastan. Mi kaka nema can?"

"Wani akawu na, Baba, nika gyara ma karatu."

"To, gyara mashi. Amma ka sani, allon gidanga bai taɓa ɗaukar komi ba sai zancen Allah. Wanda duk yas sa mashi wani abu, ba shi zama bisa buzuna."

Halliru ya ce to, kansa a ƙasa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, ya fita yana jin haushin kansa. Ya yi niyyar bari, amma abin ya riga ya yi masa daɗi.

Da daminar shekara ta uku bayan 'yancin kai, ciwo ya kwantar da Malam Maccido. Wata safiya Halliru ya ɗauko tsohon allon gidan, wanda ya yi baƙi ƙirin don daɗewa, ya cika shi da ayoyin neman sauƙi, ya jingine a turaka ya sha iska. Kafin ya wanke sai ga aike daga Amarawa, an yi rasuwa, ana son wanda zai yi sallar gawa a madadin tsohon. Ya yafa mayafi ya tafi, da nufin in ya dawo ya wanke ya ba shi da hannunsa.

Matarsa Hadijatu 'yar manoman Tozai ce, mace mai tsabta da tsoron Allah, wadda ta haddace surorin salla da ka amma ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Tana girmama surukinta har ba ta iya ɗaga ido a gabansa. Bayan azahar jikin tsohon ya tsananta, ya ce a kawo masa rubutun da Halliru ya yi. Ta shiga turaka ta ga baƙin allon, ta kuma hango gefen wani a bayan tabarma. Ta jawo shi, sabo fil, rubutu rangaɗaɗau, an adana shi inda ƙura ba ta kai. Ai ba sai an gaya mata ba, wannan ne mijinta ya keɓe wa Baba. Ta yi alwala, ta yi bisimilla, ta wanke shi a ƙoƙo mai tsabta, ta durƙusa a bakin ƙofa ta miƙa.

Halliru ya dawo da la'asar ya tarar da sabon allonsa a tsakar gida, fari, yana ɗigar ruwa.

"Sannu da dawowa, Malam," in ji Hadijatu. "Jikin Baba ya tashi bayanka, ya biɗi rubutu, na wanke mashi."

"Wane allo kinka wanke?"

"Sabon mana, wanda kaɓ ɓoye. Na san shi kay yi ma Baba."

Halliru ya dubi allon. Ya san abin da ke kan allon, shi ya rubuta jiya: albashi, ƙarin girma, ajiye aiki, yajin aiki. Ya faɗa turaka ya wanke baƙin allon, ya nufi ɗakin tsohon da ƙoƙo a cike.

Ya same shi a kwance, fuskarsa ta saki, irin sakin da bai taɓa gani ba. Tsohon ya kamo hannunsa.

"Na sha, Halliru. Tun da nis sha shi raina ya kwanta. Hannunka na da albarka, na yarda da kai. Ɗauki buzun ga, naka na."

"Baba, ga wani, ƙara kaɗan."

"A'a. Na sha na hannunka, ya ishe ni."

Ya matsa masa ƙoƙon a baki, tsohon ya kau da kai. Halliru ya buɗe baki zai faɗa, ya rufe. In ya faɗa, tsohon zai bar duniya da ɓacin rai, shi kuma zai rasa buzu. Wanne daga ciki ya ɗaure masa harshe, shi kansa bai taɓa sani ba. Kafin magariba rai ya yi halinsa, ƙoƙon na ajiye a gefen tabarma ba a taɓa shi ba.

Halliru malami ne, ya san ruwan tawada ba ya kai kowa wuta, ya kuma san Allah na duba niyya. Da wani ne ya kawo masa wannan matsala, da nan take ya kwantar masa da hankali. Amma nasa hankalin ya ƙi kwanciya. Abin da ke cinsa shi ne yardar da ya shekara arba'in yana nema ta zo masa a kan abin da tsohon ya fi ƙi. Ya jefa sabon allon a murhu, ya aika wa Mukhtari cewa karatu ya ƙare, bai ba da dalili ba. Kalmomin kuwa suka ƙi fita. Abin da aka haddace a allo ba ya gogewa, har cikin salla sukan faɗo masa.

Ya zauna a kan buzun, yana biya wa ɗalibai, amma rubutun sha ya gagare shi. Da ya tsoma alƙalami sai ya ajiye shi bai rubuta komai ba. Masu ƙoƙo suka zo suka koma, suka zo suka koma, daga bisani suka karkata wajen wani malami a Gidan Katta. Aka ce girman kai ne, aka ce ɗan bai gaji uban ba. Ran da labarin juyin mulki ya iso Illela, mutane suka yi cincirindo a gaban rediyon wani mai kanti, ana ta Turanci, suna neman mai fassara. Halliru na wucewa, ya ji, ya gane kusan duka, ya sunkuyar da kai ya wuce masallaci.

Ita kuwa Hadijatu, wannan rana ta zama abin alfaharinta. Ba ta da ilimi, ba ta da dangi masu suna, amma ita ce ta shayar da Malam Maccido rubutunsa na ƙarshe. Duk bikin suna, duk zaman makoki, sai ta ba mata labarin yadda ta gane allon ba tare da an nuna mata ba, da yadda fuskar Baba ta yi haske da ya sha. Wata rana tana cikin ba da shi a tsakar gida, Halliru ya shigo ɗaukar buta. Ta juyo tana murmushi, idonta cike da ƙwalla.

"Da ayar Allah a bakinai yat tahi, kuma ta hannuna. Ko ba hakanan na ba, Malam?"

Matan suka zuba masa ido suna jira. Ya dubi fuskarta, ya ɗauki butar.

"Hakanan na," in ji shi.