Ɗakin Awon Jinin Yaya Asabe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Asabe, kuma wannan ne karo na farko da ranar ta zagayo ta same ni da zuciya a kwance. Sauran shekarun duk cikin fargaba nake tunawa da ita, domin ɗakin da ta bari a hannunmu kullum yana bakin rufewa, mu kuma ba mu gaji ƙarfin halinta ba. Bana Allah Ya kawo sauƙi. Shi ya sa na ce bari in ba masu karatu labarin tun daga tushe, har da ɓangaren da na daɗe ina tsallakewa.

Yaya Asabe ma'aikaciyar lafiya ce ta ƙaramar hukuma, ta zagaya ƙananan asibitoci tun daga Unguwar Sanusi har bayan Sabon Tasha. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kuma har ta koma ga Allah ba ta koyi rage murya ba. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne na ƙarshe, kuma furfurar da ta fito mini ba ta hana ta kirana Auta a gaban ɗalibaina ba. Ni malamin makaranta ne a lokacin, amma zuciyata tana wani fili da na saya a bakin daji bayan Sabon Tasha. Na gina akurkin kaji da rumbun masara a wurin, ina sa ran su za su riƙe ni idan na ajiye alli.

A ranin farko bayan sojoji sun koma bariki, masu farautar gafiya suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta don su koro ta daga rami, kamar yadda aka saba duk shekara. Iska ta juya musu. Kafin la'asar wutar ta lashe gonaki, ta shiga gidajen da ke gefen daji. Ina wurin. Ina jin kukan kajina a cikin akurki, ƙofar ta yi zafin da ba ta taɓuwa, ni kuma ina tsaye da bokitin da babu ruwa a ciki. Ba a rasa rai ba, kowa ya ce mu gode wa Allah, kuma mun gode.

Mutanen Kaduna sun iya jaje, wannan ba za a ƙwace musu ba. Aka yi ta sintiri gidana, Musulmi da Kirista, kowa da "Allah Ya mayar da alheri", ni kuma da "Amin, ba komai." Ƙaramar hukuma ta kafa kwamiti, aka zo da fom. Akwai gurbin kwanon rufi, akwai na siminti, akwai na katifa da buhun hatsi. Na cike nawa tsaf da rubutun malamin makaranta. Abin da babu gurbinsa a fom ɗin shi ne barci ya ƙaurace mini, kuma idan uwargida Hajara ta hura murhu sai jikina ya hau rawa in fice waje. Wata rana aka ƙona shara a bayan makaranta, na bar darasi a tsakiya na je na zauna a bayan ofis har aka tashi. Na sha rubutu, na yi addu'a, maƙwabtana Kirista sun je wurin fasto, kuma duk mun ji sanyi a rai. Amma rawar jikin ba ta tafi ba. Ban gaya wa kowa ba. Magidanci, malami kuma, ya buɗe baki ya ce hayaƙin girki yana kora shi daga gidansa? Tsorona kada a ce Malam Bala ya taɓu, a janye 'ya'ya daga ajina, a fara kallon nawa 'ya'yan da wani ido.

An sa Yaya a cikin kwamitin agajin a matsayin wakiliyar sashen lafiya, kuma na tabbata wanda ya sa sunanta ya yi nadama. Ita ta bi gidajen da wutar ta shafa ɗaya bayan ɗaya, ta ga abin da fom bai gani ba. Ta ce a yanki wani abu daga kuɗin agaji a ɗauko nas mai ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako, a kuma sayi magani. Wani kansila ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kwano ake gani daga titi." Ba ta yi masa gardama a wurin ba. Washegari da hantsi ya fito zai shiga mota ya tarar da ita zaune a kan dakalin ƙofar gidansa. Haka ta bi kansilolin duka. Ta taɓa ce mini amfanin mulkin farar hula guda ɗaya ta gani da idonta: a zamanin kantoma ba ka san ma inda yake kwana ba, yanzu kuwa kansila ɗan unguwa ne, ka san gidansa, ka san surukarsa. A ƙarshe suka gaji suka ba ta ɗaki ɗaya a ƙaramin asibitin unguwarmu, da wata nas 'yar kudancin jihar nan, Sista Rifkatu.

Nan ne Yaya ta nuna ta san mu ciki da bai. Ba ta rubuta komai game da ƙwaƙwalwa a ƙofar ba. Takarda ta manna da hannunta: Awon Jini. Hawan jini ciwo ne na mutunci a garin nan, har alfahari ake da shi a wurin suna, don haka babu wanda zai ji kunyar a gan shi a kan bencin ƙofar ɗakin. Idan ka shiga sai ta ɗaura maka abin awon a dantse, ta matsa, ta duba, sannan ta ƙi kwancewa. Mutum ba ya tashi da abin asibiti ɗaure a hannunsa. A nan za ta fara tambaya a hankali, Sista Rifkatu na gefe tana saurare.

Ni ma da wannan dabarar ta kama ni. Ta zo gida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Auta, fuskarka ba ta yi mini ba. Gobe ka zo in auna ka." Na je ina ƙunƙuni. Jinina lafiya lau. Ta bar abin a hannuna ta ce, "To, yaushe rabonka da barci?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ni da ban yi kuka ranar gobarar ba. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Wata da watanni ina zuwa, da magani da hira da Sista Rifkatu, har ranar da na zauna kusa da murhu Hajara na suya, sai da ta gama na tuna da hayaƙin.

Sai ciyaman na lokacin ya ji labarin ɗakin yana aiki, ya ce ai wannan romon dimokuraɗiyya ne, dole jama'a su gani. Ba da mugunta ya yi ba. Ya sa aka kafa ƙaton allo a bakin titi, sunansa a sama, a ƙasa kuma an rubuta Sashen Masu Taɓin Hankali da jan fenti. Aka yanka kirtani, aka yi tafi. Daga ranar bencin ya bushe. Ni kaina na zo har bakin ƙofa, na ga masu keke mai ƙafa uku suna jiran fasinja a gindin allon, na wuce kamar kasuwa za ni. Yaya ta koma kan dakali, wannan karon na ciyaman. Suka daidaita: sunansa zai zauna yadda yake, har a ƙara masa girma in yana so, amma rubutun ƙasa ya koma awon jini. Sunansa ya zauna, mu kuma muka dawo.

Abin da ba ta samu ba har ta rasu shi ne a ba ɗakin gurbinsa na kansa a kasafin kuɗi. Daga kuɗin agajin gaggawa ake ɗan yago masa, wato sai an yi gobara ko ambaliya ake tunawa da shi. Ta yi gajeriyar jinya ta tafi, ta bar Sista Rifkatu da abin awon da kuma wannan raunin. Duk sabon ciyaman da ya hau sai mu ji ana raɗe-raɗin za a mayar da ɗakin sito.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Inda gonata take yanzu gidaje ne har da shagunan caji, dajin ya matsa gaba, masu farautar gafiya sun bi shi da ashanarsu. Wannan zai ɓata mata rai, domin har yanzu sai wuta ta ci muke kafa kwamiti. A ranin da ya wuce ma ta ci rumfar katakon Alhaji Sule, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci shekara da shekaru, kuma tun lokacin na lura ya daina tsayawa gaisawa. Amma za ta yi mamakin jin matasa a rediyo suna maganar ciwon damuwa ba tare da sun rage murya ba. Ina jin cewa za ta yi, "Ashe dai bakinku na buɗewa."

A farkon shekarar nan raɗe-raɗin ya zama gaskiya. Aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi a sakatariya, kuma ɗakin Yaya na cikin abubuwan da za a soke. Hujjar kansilolin ba ta wauta ba ce. Suka ce awon jini yanzu kowane kemis yana yi, me zai sa hukuma ta riƙa biyan nas ta musamman a kansa? Sai na ga inda dabarar Yaya ta juyo mana. Ta rufa mana asiri har ya zama babu wanda ya san abin da ɗakin yake yi sai mu da muka zauna a ciki, mu kuma mun yi gum. Sista Rifkatu na zaune a gaba, aikinta ya hana ta ambaton sunan kowa. Aka tambaya ko akwai mai magana, babu wanda ya ɗaga hannu.

Ban shirya ba. Na dai ga kaina a tsaye. Na faɗi sunana da makarantar da na koyar, na ce bayan gobarar can na kusa rasa hankalina, kuma a ɗakin nan aka mayar mini da shi. Na ce jinina bai taɓa hawa ba ko sau ɗaya. Wasu suka yi dariya, ba ta raini ba. Ina zama wata dattijuwa ta miƙe daga baya ta ce ita ma. Sai wani makanike ɗan ƙabilar Ibo daga Kakuri ya tashi ya ce da Hausarsa, "Ciyaman, ni ma na shiga wannan ɗaki. Idan kun rufe shi, wallahi kun rufe mutane." Ban ƙirga waɗanda suka tashi ba, amma har da wanda ban taɓa zato ba. Da kasafin ya fito, ɗakin na ciki da gurbinsa na kansa, ba a jingine da agajin gobara ba. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Asabe, ba gini ba ne, domin ɗaki ɗaya ne mai tsagaggen siminti, kuma babu sunanta ko a bango. Ita ta san ba za mu iya faɗa ba, sai ta yi mana hanyar da za mu warke ba tare da mun faɗa ba, ta riƙe mu a haka har muka yi ƙarfin faɗa da bakinmu. Ina kewarta, har da kiran Auta da yake ba ni haushi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa aikin nan ya bi ta.

Kwana biyu bayan taron, muna fitowa daga sallar azahar, Alhaji Sule ya tsaya yana neman takalminsa har kowa ya watse. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Malam Bala, ɗakin nan da ka yi magana a kai, wace rana nas ɗin take zuwa?"

Na ce masa Laraba. Na ce ya jira ni a ƙofar gidansa da ƙarfe tara, tare za mu tafi.