Shagon Tsiren da Baba Ba Zai Mallaka Ba

Ranar da aka binne kafilin Baba, ni kaɗai na ci abincin rana a gidanmu, kuma na haɗa har da rabon mutum biyu, don ban ga dalilin da shinkafa za ta yi zaman makoki ba. Sai daga baya na gane abin da ya hana manya cin abinci.

Baba mai tsire ne a unguwar Jarwal da ke Makka. Mutanen Makka siriyya suke ce wa tsiren, kuma bayan la'asar layi suke yi a kansa kamar kyauta ake rabawa. Shi ya sayi wuƙaƙen, shi ya sa firji, shi hayaƙi ya dafa wa idanu tun kafin a haife ni. Amma a takarda shagon na wani dattijo ne ɗan ƙasa, domin baƙo irin Baba ba ya samun ƙaramin shago da sunansa a nan. Dattijon nan, wato kafilin Baba, ya ara masa suna, Baba yana kai masa rabonsa, iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu, duka tana rataye da wannan sunan kamar shanya a igiya ɗaya. Da ya rasu, 'ya'yansa suka zo cikin ladabi, suka sha shayi, suka ce hukuma ta matsa a kan aron suna, su ba za su iya ba. Iƙamar Baba za ta ƙare bayan Hajji, kuma babu mai sabunta ta.

Sai maganar inda za mu nufa. Fasfon Baba na Chadi ne, amma a goye aka shigo da shi Makka, abin da ya sani na Chadi bai wuce launin bangon fasfon ba. Mama kuwa 'yar Filifin ce, Musulma daga Mindanawo. Aikin jinya ya kawo ta wani asibiti a unguwar Zahir, ta fita sayen tsire wata rana, ta dawo da miji. A bakin marigayiya kakata ta koyi Hausa, shi ya sa in ta yi faɗa sai ka rantse tsohuwa ce mai goro a kumatu. Ni da ƙanena tun muna jarirai ta yi mana fasfon ƙasarta.

Da farko Baba ne ma ya fi kowa ɗokin Filifin. Ya ce can garin matarsa ne, Musulmi suna da yawa, kuma ba su taɓa cin nama ba tunda ba su ci nasa ba. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne allon ƙofar shago. Ya yago bayan wani kwali, ya sa ni na rubuta sunansa da manyan haruffan boko, na ƙara masa hoton tsinke. Ya ce tsinken ya yi kama da allurar barci, in sake. Na sake har biro ya yi kuka. A ƙarshe ya jingina kwalin a kan talabijin, muka koma kallon labarai ta gefensa.

Mama ce ta ce kafin a yi nisa a tambayi lauya. 'Yar ƙawarta ce, tana can ƙasar, muka kira ta ta bidiyo da hantsi. Baba ya ce ni zan yi tafinta daga Turanci, ba Mama ba, don Mama za ta sa wa maganar sukari, ni kuwa bakina ba shi da murfi. Na zauna a tsakiyarsu da waya a hannu, ina jin kaina kamar jakadiyar ƙasashe uku.

Lauyar tana da fara'a, amma duk jimlar da ta faɗa sai na ji kamar na haɗiye tsakuwa kafin in mayar da ita Hausa. Ta ce ƙaramin shagon abinci irin wanda Baba yake so, 'yan ƙasa aka keɓe wa. Baƙo zai iya shiga harkar ne kawai in ya zo da jari mai nauyi, irin wanda in da muna da shi ai da ba mu tsaya tambaya ba. Fili kuwa baƙo ba ya saye ko da auren 'yar ƙasa yake yi. Akwai sana'o'in da ake yarda ya shiga kamfani, amma a da yawa daga cikinsu rabonsa ba zai wuce arba'in cikin ɗari ba.

Baba bai girgiza ba. Ya gyara zama, ya yi murmushin wanda ya san hanya, ya ce in tambaye ta nawa ake ba mai aron suna a can. A wurinsa wannan tambaya ce irin ta nawa ake sayar da gawayi. Da na fassara, fara'ar lauyar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ta ce wannan laifi ne mai dokarsa ta musamman, mai ara da wanda aka ara wa duk suna iya shiga kurkuku, daga baya a kori baƙon. Hanya mai tsabta ita ce Mama ta yi rajistar shagon da sunanta, ta karɓi izinin unguwa, da na magajin gari, da na haraji, da na masu duba tsabta. Kuma shagon ya zama nata da gaske, ita ke juya shi. Baba zai nemi takardar zama ta mijin 'yar ƙasa, amma ba shi zai riƙe ragamar ba, ko tsayawarsa a bakin wuta ma sai ta bincika ta ga abin da doka ta yarda. Sai ta kalle ni ta ƙara da cewa ni ma, tunda 'yar ƙasa ce, in na cika sha takwas zan iya buɗe nawa.

Ɗakin ya yi tsit, ni kuma shiru ƙaiƙayi yake sa min. Na ajiye waya, na harɗe ƙafa, na yi muryar manya.

"Baba, kada ka damu. Ni ce sabuwar kafilarka. Ka riƙa kawo min rabona a kan lokaci, ni ba ni da matsala."

Ƙanena ya fara dariya, ya dubi fuskar Baba, ya mayar da ita tari. Baba "Uwata" yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, ko kwano na fasa da shi yake tsawata min. Ran nan ya dube ni kawai ya ce, "Ke, tashi daga nan." Ya ɗauki kwalin kan talabijin ya tura shi bayan kabad, ya fita ko takalmin kirki bai sa ba.

Ana cikin haka kawuna, yayan Mama, ya ji labari. Mutum ne mai son harka, in ka ba shi tsinken tsire zai nemo maka wanda zai sayi rabinsa. Ya kira Baba kai tsaye daga Filifin da guntun Larabcin da ya tsinta a aikin Hajji. Ya ce lauyoyi tsoro ne sana'arsu, kowa yana yi, shi zai ba da sunansa, Baba ya yi yadda yake so a cikin shago, sai dai a riƙa tunawa da shi. Baba ya dawo gida fuska a sake. Wannan tsarin ya sani, a cikinsa ya yi furfura. Namiji ya ara maka suna, ka gaishe shi da Sallah, ka kai masa cinya, shi ke nan.

Mama ta ce ba da ita ba. Ta faɗa a hankali, tana ninke kayan wanki, kuma in Mama ta yi magana a hankali har kyankyasai neman mafaka suke yi.

"Maigida, ba zan kai ka ƙasata in koma kai maka abinci gidan yari ba. Yayana kuma na fi ka saninsa."

Baba ya ce to shi Chadi zai tafi, can dai ko rumfar kara ce da sunansa za a kira ta. Mama ta ce Allah ya kiyaye hanya, amma yara ba za su je inda shi kansa sai ya tambayi hanyar masallaci ba. Ba wanda ya ɗaga murya. Washegari na tashi na ga kwalaye sun kasu gida biyu a falo, na Baba a jikin ƙofa, namu a jikin taga, da 'yar hanya a tsakani.

A wannan hanyar muka rayu kwana da kwanaki. Motocin alhazai suka fara cika gari, masu kai mutane Muzdalifa suna ta gwajin hon, kowane hon yana tuna min cewa Hajji ya matso. Baba da Mama suka mayar da ni gidan waya. Ki ce wa uwarki ina maɓallin jakar nan. Ki ce wa babanki yana inda ya bar shi. Alhali tsakaninsu bai kai tsawon tabarma ba. Da can da na yi wasan kwaikwayo da wannan har maƙwabta su biya kuɗin kallo, amma yanzu saƙon kawai nake kaiwa in dawo. Ina tsoron ranar da za mu je Jidda, a filin jirgi Baba ya bi wata ƙofa mu mu bi wata.

Abin ya fashe ne a kan shayin safe. Baba, yana kallon kofinsa, ya ce shi abin da bai gane ba, in an rubuta sunan Mama ai shi ma aron suna ne, an dai canza masa zane. Wace irin mai shagon tsire ce ba ta san tsoka da jijiya ba? Mama ta ajiye buta.

"To koya min."

Ya ce a zuriyarsu kaf mace ba ta taɓa tsire nama ba, sana'ar maza ce, mutane za su yi da shi. Ta ce ita da ta wanke raunin mutum yana ihu yana shure-shure, saniyar da ta riga ta mutu ba za ta gagare ta ba. Baba ya ɗauki kofinsa. Ya shanye shayin da zafinsa, na ji maƙogwaronsa ya yi ƙara.

Ran Juma'a da safe, lokacin da shaguna suke rufe, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullai, bai ce wa kowa ya zo ba. Mama ta sa abaya, ta ja ni muka bi shi. Ya ɗaga ƙofar shagon iya gwiwa, muka shiga a sunkuye kamar ɓarayin kanmu. Ya fito da cinya daga firji, ya ajiye wuƙa a gabanta, ya koma gefe ya haɗa hannuwansa a baya.

Ban taɓa ganin mutum yana shan azaba irin ta Baba a ranar ba. Mama ta yanko yanka na farko, kaurinsa kamar katifa. Na ga kafaɗarsa ta zabura, hannun ya taho, ya kamo shi da ɗayan ya mayar. Da baki yake koyarwa: kwantar da wuƙar, bi jikin naman, kada ki danne, shimfiɗa shi za ki yi kamar kina warware rawani. Gumi yana ɗiga daga gemunsa alhali ba a ma hura wuta ba. Ni aka ba tsinke da kwanon ƙuli da yaji, ina miƙawa ba tare da na ce uffan ba, abin da ya kamata a rubuta a tarihi.

Wuta ta kama, ƙamshi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita titi. Can sai muka ga ƙafafu sanye da silifa sun tsaya, sai kai ya leƙo. Dattijon da ke sayar da turare a shagon kusa ne, Bahaushen Sudan, wanda labari ba ya kwana a bakinsa. Ya ga Mama da mafici a hannu, ya ga Baba a tsaye kamar ɗan makaranta da aka ba horo.

"Ikon Allah. Malam, hannun ne ya samu matsala?"

Na tsaya da tsinke a hannu. Ina kallon wuyan Baba, jijiyarsa ta tashi. In ya ce e, ya karɓi maficin, to na san Chadi ce. Kuma kamar an shirya, wayarsa da ke aljihuna ta fara ruri. Na duba, kawu ne, amsar tayinsa na aron suna yake nema. Na ɗaga wayar don Baba ya ga mai kiran.

Baba ya dubi wayar, ya dubi kan da ke leƙe a ƙasan ƙofa. Ya ce wa dattijon hannunsa lafiya lau, koyarwa yake yi, in tsire yake so ya shigo ya jira, in labari yake so ya riga ya samu. Dattijon ya ce shi Juma'a zai wuce, silifan suka ɓace da saurin da ban san suna da shi ba.

Wayar tana ta kuka. Baba ya ce in ɗauka.

"Ki ce wa kawunki mun gode, ya riƙe sunansa. In yana son taimako ya nemo wa ƙanwarsa shagon haya kusa da masallaci. Ita za ta sa hannu."

Na faɗa wa kawu da Turanci, kuma a karon farko a rayuwata ban ƙara gishiri a saƙo ba. Kawu ya fara dogon bayani, na ce masa layin yana yankewa, na yanke shi.

Mama ba ta ɗago ba, tana ta juya tsinke, idonta jawur, ta ce hayaƙi ne. Ta zaro ɗaya ta miƙa wa Baba. Gefe guda ya ƙone, ɗaya gefen kuma ina jin da an kai shi asibiti da ya farfaɗo. Ya karɓa ya daɗe yana taunawa. Ya ce yankan ya yi kauri, kuma yajin ya yi yawa. Mama ta ce a shagonta haka ake sayar da shi.

Bai yi dariya ba. Ya goge yatsunsa, ya mayar da hannuwansa baya, ya nuna ragowar cinyar da haɓa, ya ce akwai sauran lokaci kafin kiran salla, ta sake yankowa.