Takalman da Aka Bari a Ƙofar Baba

Ina wanke motar maigidana a unguwar Al-Badi'a da ke Riyad sai matar dattijon ikilisiyarmu ta kira ni daga gida Najeriya. Ta ce, "Ɗana, Baba ya rasu da safen nan." Na tsaya da tiyo a hannu, ruwa na zuba a ƙafata. 'Yan watanni ke nan da kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, ya soke masa iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da shi gida, ciwon sukari ya kwantar da shi.

Shi ya tara mu. A Riyad ba a gina coci, sai ɗakinsa na unguwar Al-Shifa ya zama wurin sujada, ranar Juma'a da hantsi, lokacin da muke hutu. Da farko mu huɗu ne, duk direbobi, duk 'yan cocin Firesbiteriyan tun daga gida. Waƙa a maƙogwaro muke yin ta, ƙarar na'urar sanyi na rufe mu. A hankali masu aikin gini suka shigo, da mata masu aikin asibiti, har wasu sai su tsaya a kicin. Doka ɗaya ce Baba ba ya wasa da ita: kowa ya shiga da takalminsa, don tarin takalma a ƙofa yana tona taro.

Wata Juma'a ɗaya daga cikin matan ta kawo wani mai gyaran wuta. Ya tuɓe takalminsa a waje, waɗanda suka biyo shi ma suka manta suka tuɓe. Baba ya leƙa, ya kwaso su a hammata.

"Kai yaro, shagon takalma ka zo buɗewa a ƙofata?"

"Tuba nake, Baba. A gidanmu ba a shiga wa babba da takalmi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ban yi ba, don ta gefen Baba na hango maƙwabci ya gama leƙen mu, yana rufe ƙofar ɗakinsa a hankali.

Ba a jima ba kafil ya ce Baba ya haɗa kayansa, bai faɗi dalili ba. Wasu suka ce da gangan mai gyaran wuta ya yi. Wasu suka ce a binciki matar da ta kawo shi. Daga baya na ji har ni an ambata, wai maigidana da kafil ɗin masallacinsu ɗaya.

Da na sanar da rasuwar, mai gyaran wuta ne ya fara fashewa da kuka a waya. Ya ce, "Yaya, mu taru mu yi addu'a. Ga ɗakina a unguwar Dira." Na ce zan tuntuɓi sauran. Duk wanda na kira sai ya ce, "Wa da wa za su zo?" Ina fara lissafo mutane, sai aiki ya taso masa.

A tsarin cocinmu ba mutum ɗaya ke naɗa dattijo ba. Ikilisiya ce ke haɗuwa wuri ɗaya ta ɗaga hannu. Har na baro Riyad ba mu sake haɗuwa ba, kuma ba mu zaɓi wanda zai gaji Baba ba.