Bututun da Bai Amsa Ba

Wata safiya cikin Fabrairun 1996 ruwan sama ya yi ta daskarewa a kan itatuwan East Greensboro a Amurka, rassa na karyewa ɗaya bayan ɗaya. Motoci ba su fita ba. Malam Seydou ya taka da ƙafa zuwa jami'ar da yake shara, don ɗakinsa ya fi waje shiru.

Mutumin Maraɗi ne, ɗan mai ginin tukwane. Tun yana ƙarami ya iya ƙwanƙwasa tulu ya ji ko da tsaga. Wannan kunnen ne ya ba shi aiki shekara goma sha ɗaya a wani dandamalin haƙar mai da ke tsakiyar teku, kudu da Najeriya. In ruwa ya janye sai a sauke shi da igiya, ya bi bututan da ke riƙe da ƙafafun dandamalin yana bugu da guduma. Lafiyayye kan amsa kamar ƙararrawa. Wanda ruwa ya shiga ta tsaga sai ya ce dum, ya yi shiru.

A shekararsa ta ƙarshe wani bututu na kusurwar gabas ya ce dum. Takardar tafiyarsa Amurka ta kusa fitowa, ya ji tsoron a riƙe shi da bincike. Sai ya shafa fenti, ya kama bakinsa. Amininsa Maazou, mai dafa wa ma'aikata abinci, yana can har lokacin.

Ranar ƙanƙarar nan mutum ɗaya ya tarar a ofis, Ɗalha, ɗalibi Bakano mai lissafin ƙarfin tsofaffin dandamali a kwamfuta. Malam Seydou ya ga hoton da ke bangonsa, na dandamalin da ya baro, tsintsiya ta tsaya.

"Ɗana, wannan zai ƙara shekara nawa?"

"Ashirin, Baba. Haka takardun kamfani suka nuna."

"Takardun sun taɓa shiga ruwa?"

Ɗalha ya yi dariya. "Baba, shara ko injiniya?"

Malam Seydou bai yi dariya ba. Ya ɗauko kofi biyu, ya cika ɗaya da ruwa, ya buga su da cokali. Sannan ya ɗora yatsa a kusurwar gabas a jikin hoton.

"Wannan cike yake. Ni na rufe shi da fenti."

Ɗalha ya sake lissafi ba tare da bututun ba. Suka rubuta wa kamfanin wasiƙa. Ɗalha ya ce a ɓoye suna, Malam Seydou ya ce a sa, ai hannunsa ne.

Wata takwas kafin amsa ta zo. Masu nutso sun sauka, sun tarar da tsaga ta kusa zagaye ƙarfen. Aka kwashe mutane, aka rufe dandamalin, aka sallami ma'aikata, har da Maazou.

Da, duk Sallah Maazou kan aiko kaset mai muryarsa, cike da tsiya da labarin gida. Daga shekarar nan bai ƙara ba. Malam Seydou ya aika nasa sau uku. A wurin wani baƙo ya ji cewa Maazou na raye, yana sayar da shayi a Zinder. Ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya yi alwala.

Ɗalha ya gama karatu ya koma Kano. Malam Seydou yana nan a ɗakinsa na East Greensboro, ya bar shara saboda gwiwa. Gudumar tana kan taga.