Sista Winifred da Ledar Magani

Kafin masu shara su gama da barandar ƙaramin asibitinmu na Samaru, Sista Winifred Adebayo ta riga ta zauna a teburinta. Ranar masu ciwon suga dokarta ɗaya ce: duk abin da kake sha, zuba a leda ka kawo. Sai ta juye ledar a gabanka, maganin likita gefe guda, kwalaben kasuwa gefe guda. In ta ga na likita bai ragu ba, ba za ta yi maka faɗa ba. Kallonka kawai za ta yi ta saman tabarau, kai da kanka ka fara kame-kame.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma gaskiya raina ba daɗi, don ba a saurare ta a kan lokaci ba.

Da ƙwayoyin nan suka cika Sabon Gari, waɗanda ake cewa daga 'ya'yan itatuwan ƙasashen waje aka tace su, wai suna maganin suga da hawan jini har da ciwon daji, ita ce ta zauna ta karanta binciken da masu talla ke taƙama da shi. Ta ce yawancinsa a kan ɓeraye aka yi, ɗan abin da aka gwada a kan mutane kuwa bai isa a jingina rai a kansa ba. Ba ta taɓa cewa guba ne ba. Cewa take ba a tabbatar ba, kada kowa ya ajiye maganinsa. Tambayarta kullum ita ce: a kan wa aka gwada?

Sai abin ya biyo ta majami'a. Wata Lahadi, lokacin ba da shaida, Malam Mordecai, malamin firamare a Jushi, ya miƙe da kwalba a hannu, ya ce ta dalilinta Ubangiji ya warkar da shi daga ciwon suga, har ya daina allura. Aka yi ta tafi da guɗa. To, wa zai musa shaida a gaban jama'a? Ai sai a ce aikin Allah ka musa. Sista ta haɗiye maganarta. Da aka tashi ta bi shi gida, ta roƙe shi ya bari ta auna jininsa. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban bagade, komawa ga allura rashin bangaskiya ne. Ta koma, ta sake komawa, har wasu matan zumuntar majami'a suka fara cewa baƙin ciki take yi don ana rage mata marasa lafiya. Haba jama'a!

Da ɗan gyambo a yatsan ƙafar Malam Mordecai abin ya fara. A asibitin Shika aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Ke ce kika riƙa zuwa wanke masa ciwon, Sista, ko sau ɗaya ba ki ce masa ai kin faɗa ba. Ke ce har yau kike cewa da kin sani da kin miƙe a ranar nan, ko da za a ce ba ki da kunya.

Makon jiya Malam Mordecai ya sake tashi lokacin shaida, yana dogara sanda.

"'Yan'uwa, na zo in janye shaidata ta bara," in ji shi. "Duk wanda ya ajiye maganinsa saboda ni, ya ɗauki ledarsa ya je wurin Sista kafin ta tafi."

Washegari layin masu leda har bakin titi.

Mun gode, Sista Winifred, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu karatu, ku riƙe tambayarta: a kan wa aka gwada? Da an yi wannan tambaya kafin a yi tafi, da Malam Mordecai da ƙafafunsa biyu zai zo bikin sallamarta.